Idan sabis ya ɗauke: abin da za a duba, da abin da ba a bai wa kowa

Mun tara ku yau a kan maganar waya da intanet. Ga yawancinmu, wayar nan ita ce hanyar jin muryar dangin da aka rabu da su, wasu kuma ta cikinta kuɗin tallafi ke shigowa. Saboda haka, ranar da ta ƙi aiki, kada gaggawa ta sa a miƙa ta ga wanda ba a sani ba. Yawancin matsalolin kuna iya gyara su da hannunku.

Ku fara da tambayar maƙwabci ko tasa tana aiki. In kowa ya rasa sabis, matsalar daga kamfanin waya take, sai haƙuri. In taku ce kaɗai, ku duba ko data ta ƙare ko an kashe ta. Sannan ku danna alamar jirgin sama, ku jira kamar daƙiƙa 30, ku kashe ta, wayar za ta sake neman sabis. In bai yi ba, ku kashe wayar, ku cire layin, ku goge ƙura, ku mayar. Waɗanda ke zuwa kusa da iyaka su lura: waya kan kama sabis ɗin ƙasar da ke tsallake, kuɗi su yi ta tafiya. Ku duba sunan kamfanin da ke saman fuskar wayar.

Masu ƙaramar na'urar Wi-Fi a gida ko a shagon caji, zafi da ƙarancin wuta su ne manyan abokan gabanta. A ajiye ta a inuwa, a wuri mai ɗan tsayi, nesa da kwanon rufi. In ta tsaya, a kashe ta, a ɗan jira, a kunna. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, a sa sabuwa mai haruffa da lambobi fiye da 8, ba sunan ɗa ko shekarar haihuwa ba. In mutane sun yi mata yawa, dole ta yi nauyi.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. WhatsApp kan aiko lamba mai alƙaluma 6 ta saƙon waya lokacin da ake buɗe asusu. Duk wanda ya ce ku karanta masa ita, ko da ya zo da sunan ɗan'uwa ko ma'aikacin agaji, asusunku yake son ƙwacewa, ya riƙa roƙon danginku kuɗi da sunanku. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin ƙara lambar sirri ta biyu. Ku sa ta yau. Lambar sirrin asusun kuɗi kuwa, ko wakilin da ke ba ku kuɗin bai kamata ya ji ta ba. Ku danna da kanku, ku kare da hannu.

Ku sa wa waya makulli kafin ku kai ta caji. In kun shiga Facebook a wayar wani, ku fita kafin ku mayar masa. Ku danna *#06#, lambar shaidar wayarku za ta fito. Ku rubuta ta a takarda ku adana saboda ranar ɓata.

Ku riƙe wannan: rajista, taimako da sake tsugunarwa a wata ƙasa duk kyauta ne a wurin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Saƙon da ya nemi kuɗi ko hoton katinku don a sa ku a jerin masu tafiya, na 'yan damfara ne. Kada ku tura wa wasu. Ku kawo shi teburin karɓar ƙorafi. Wanda aka riga aka cuta ma ya zo, ba abin kunya ba ne, kuma za a riƙe sirrinsa.

Matasa, ku zauna da iyayenku yau da yamma ku nuna musu waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.