Amai da Tashin Zuciya Lokacin Allurar Ciwon Daji

Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Jimeta da Yola.

Abin da ya sa kwamitin lafiya ya nemi izinin magana shi ne, mun ga 'yan'uwanmu sun fara karɓar allurar ciwon daji, wadda likitoci ke kira kemo, amma daga zuwa na biyu sai su ƙi komawa. In an tambaya, sai su ce amai ya gallabe su, maganin ya fi cutar. Jama'a, wannan aman ba alamar magani ya ƙi jiki ba ce. Maganin ne ke taɓa hanji da wani sashe na ƙwaƙwalwa mai tayar da amai, kuma akwai abin da ke tare shi.

Tun wajen 1990 aka samu ondansetron, ana haɗa shi da dexamethasone. Ana bayarwa kafin a sa ruwan, ba sai amai ya fara ba. To ga inda muke kuskure: wani aman yana zuwa cikin awa 24, wani kuwa sai kwana na 2 zuwa na 5, musamman ga mai karɓar cisplatin. Mara lafiya ya baro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko ya dawo daga Gombe ta hanyar Numan, ya ga lafiya lau, sai ya ajiye ƙwayoyin da aka ba shi. Don Allah a shanye su yadda likita ya rubuta.

Iyayenmu mata, ku ne masu jinya. Kada a cika masa kwano ana cewa "daure ka ci". A ba shi kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini: koko, kunun tsamiya, farar shinkafa, kuma a bari su huce. A nisanta shi da ƙaurin suya da turaren wuta. Shayin citta yana taimakon wasu. Nonon da ba a dafa ba kam a haƙura da shi tukuna, duk da mun san nan ƙasar nono ce. Jiƙe-jiƙe ma sai an tambayi likita.

Mun san zafin garin nan a Maris da Afrilu. Idan ruwa ma ya ƙi zama a ciki yini guda, ko fitsari ya ragu, ko zazzaɓi ya kai 38, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.