Jawabi kan ciwon dajin fata

Jami'in kariya ya ce in isar muku da wannan saƙo da Hausa.

Da yawa muna ɗauka ciwon dajin fata na Turawa ne. Gaskiya ya fi kama su, amma mu ma yana kama mu, kuma a inda ba ma dubawa: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Samari sun san mawaƙin nan Bob Marley. A ƙarƙashin farcen ƙafarsa abin ya fara, ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Mun yi doguwar tafiya a ƙasa kafin mu iso nan, kowa da faso da tabon ƙaya, don haka baƙin tabo a tafin ƙafa ba ya ba mu tsoro. To, ku lura da wanda yake faɗaɗa, gefensa ba daidai ba, launinsa ya gauraya, ko yana fid da jini. Haka baƙin layi a farce da yake ƙara faɗi. Sai gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, musamman wanda ya ɓulla a kan tsohon tabon ƙuna. Tsofaffi ba sa iya ganin tafin ƙafarsu, jikoki ku duba musu.

Zabiyoyi sun fi kowa shiga haɗari, domin fatarsu ba ta da kariya daga rana. Iyaye, a sa musu malafa da riga mai dogon hannu, kada a tura su layin abinci ko na ruwa da tsakar rana. Ɓawon da ya ƙi tafiya a kunne, leɓe ko wuya, a kawo a gani.

A asibitin sansani likita zai duba wurin, ya taɓa hammata da matsematsi ko akwai kaluluwa. In ya yi shakka zai ba ku takardar zuwa babban asibiti. A can za a yi allurar kashe zafi, a yanki ɗan ƙaramin nama, a kai ɗakin gwaji. Gwajin ne kaɗai ke tabbatarwa, kuma sakamakon kan ɗauki makonni, sai an yi haƙuri. Wanda aka gano da wuri, sau da yawa cire shi kawai ya isa.

Don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya. Mai jin nauyin magana da likita ya same ni, sai in raka shi in yi masa tafinta.