Karen Fada da Gajeren Hanci

Sharhinmu na yau ya leƙa birnin Birmingham na Ingila, inda ake gasar karnuka ta Crufts duk shekara. Akwai wani ɗan mitsitsin kare, Pekingese, wanda asalinsa fadar sarakunan Sin ce, sojojin Birtaniya suka kwaso shi a 1860. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Kennel Club ta shimfiɗa masa ƙa'ida: namiji kada ya wuce kilo 5, gashin wuya buzu-buzu kamar na zaki, tafiya ta ƙasaita yana rangaji.

A fuska gizo ke saƙa. Alƙalai sun daɗe suna fifita mai shafaffiyar fuska, masu kiwo kuwa suka yi ta gajarta hanci har numfashi ya zame wa dabbar aiki. Pekingese ɗin da ya lashe gasar 2003, sai da aka ɗora shi kan ƙanƙara don kada zafi ya galabaitar da shi. To, wane irin kyau ne wannan?

Da wani shirin BBC ya fasa ƙwai a 2008, aka gyara ƙa'idar: dole hanci ya fito fili. A 2012, karyar da ta zo ta ɗaya a wannan jinsi ta faɗi gwajin likitan dabbobi, aka hana ta shiga zagaye na gaba.