Jawabin cikar shekara: kada motocinmu su ɗauki bindiga



Mun gode Allah da ya nuna mana wannan rana. Yau muna so mu yi magana kan makamai.

Tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, bindigogin Libiya suka bazu a Sahel. Wasunsu sun isa hannun 'yan bindigar da suka tarwatsa ƙauyukan Zamfara, Katsina da Sakkwato, har dubban mutane suka yi hijira zuwa jihar Maradi tun 2019. Mu da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya mun ga abin da ido.

Yarjejeniyar CEDEAO da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta ce farar hula ba ya riƙe bindiga sai da lasisi, bayan an binciki halinsa, an tabbata ba shi da tarihin laifi kuma yana da dalili. Ɗan ta'adda ya san ba zai tsallake wannan bincike ba, shi ya sa yake neman buhun albasa ko na wake ya ɓoye kayansa.

Saboda haka muna roƙo: kada direba ya ɗauki kayan da bai buɗe ba. A rubuta sunan mai kaya da lambar katinsa a tasha. Wanda ya ƙi, a bar masa kayansa, komai kuɗin da ya bayar. Bindiga ɗaya in 'yan duwan suka kama a motar ɗayanmu, dukanmu za a tsare a iyaka, kaya su ruɓe.

Allah ya tsare hanya, ya albarkaci kasuwa.