Mabuɗin Ƙofa da Haruffa Masu Lanƙwasa



Ƙofar Dukawuya tana tuna mana cewa a da, idan dare ya yi, akan rufe ƙofofin birnin Kano, sarkin ƙofa yana tsaro. Haka mai kwamfuta yake kulle bayanansa da kalmar sirri lokacin da yake girka mata manhajar gudanarwa, irin su Linux.

To, ga inda gizo yake saƙa. Madannan kwamfutocinmu na Kano tsarin QWERTY suke bi. Na Maraɗi galibi AZERTY ne na Faransa, inda A ta zauna gurbin Q, Z kuma gurbin W. Sau da yawa, da an kunna kwamfuta, tsarin Amurka take komawa, wanda ba shi da ɓ, ɗ ko ƙ. Wanda ya sa "ƙofa" cikin kalmarsa ba zai sami harafin farko ba. Kwaɗo ya ƙi buɗuwa, takardun ofis ko kundin digiri su salwanta.

Saboda haka, a tabbatar da tsarin madannai tukuna, a guji haruffa masu lanƙwasa, a tsawaita kalmar, a kuma adana kwafin takardu a wani wuri dabam. Rigakafi ya fi magani.