Intanet Ga Birni Da Ƙauye: Jawabi Ga Ɗalibai Masu Bincike

Jama'a, duk ɗalibin da ya ɗauki binciken yadda intanet mai sauri zai kai ƙauyuka, lalle ne ya fara da tambaya guda: me ya sa hanyar ke tsayawa a birni?

Babban dalili shi ne kuɗi. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne wadda ta iso a 2010, a Ikko suka sauka. Daga nan sai an yi haƙa an binne waya zuwa sauran jihohi, yawancin jihohin kuwa suna karɓar haraji bisa kowace mita. A 2013 aka tsai da Naira 145, amma da yawa suka zarce haka. Kamfani kuwa ba ya zuwa inda babu riba.

Saboda haka ne Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, watau USPF, ƙarƙashin Hukumar NCC, domin a tallafa wa kamfanoni su kafa turakun sadarwa a karkara.

To, wajibi ne ɗalibi ya taka har ƙauyen ya gane wa idonsa: shin turken yana aiki? Akwai lantarki? Nawa manomi ke biya? Da irin wannan shaida Gwamnati ke gyara manufarta.