Neman Gudummawa ta Hanyar Imel da Wayar Hannu



Batun da aka ɗora mini shi ne yadda ƙungiyoyin agaji ke neman gudummawa ta imel da wayar hannu. A da, mai neman taimako sai ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, ko kuwa ya taka da ƙafarsa har ƙofar mai bayarwa, saboda haka yakan yi tunani kafin ya roƙa. Yau kuwa wasiƙa dubu ɗari ba ta fi guda ɗaya wahalar aikawa ba. A cikin wannan arha amfanin yake, a cikinta kuma haɗarin yake.

Bari mu fara da amfanin. A ranar 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa ta rugurguza Haiti. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta ce duk mai son taimakawa ya rubuta kalmar HAITI a wayarsa ya aika zuwa lamba 90999, za a ƙara dala 10 a kan kuɗin wayarsa na wata. Ta wannan hanya kaɗai aka tara fiye da dala miliyan 30. Ba wai Amurkawa sun ƙara tausayi ba ne a wannan shekara. An dai gajarce musu tazarar da ke tsakanin niyya da aiki, domin tausayi kamar zafin tuwo yake, in aka sa mutum cike-ciken takardu sai ya huce.

Sa'an nan akwai maganar abin da za a rubuta. A 2007 wasu masana uku, watau Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, suka buga sakamakon wani gwaji. An ba wasu mutane alƙaluman miliyoyin da yunwa ta addaba a Afirka, wasu kuwa aka ba su labarin yarinya guda, 'yar shekara bakwai, daga ƙasar Mali. Waɗanda suka karanta labarin yarinyar sun ba da kusan ninki biyu na abin da na farko suka bayar. Abin mamaki, da aka haɗa labarin da alƙaluman wuri ɗaya, sai kyautar ta ragu. Masu ilmin lissafi da ke cikin zauren nan su yi haƙuri, haka zuciyar ɗan Adam take. Amma fa labarin ya zama na gaskiya, a kuma nemi yardar mai shi, kada a tallata talaucin mutum kamar hajar kasuwa.

To, yanzu ga haɗarin, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. A 2015 wata dattijuwa 'yar shekara 92 ta rasu a birnin Biristol na Ingila. Mace ce mai hannun kyauta, kuma tun kafin rasuwarta ta shaida wa wata jarida cewa wasiƙun roƙo sama da ɗari biyu ne suka shigo mata cikin wata guda. Iyalanta sun ce ba wasiƙun ne sanadin ajalinta ba, amma bincike ya nuna ƙungiyoyi suna musayar sunayen masu bayarwa, har suna sayar wa juna. Ka ga ke nan alherinta ne ya ja mata damuwa. Hankalin jama'a ya tashi ƙwarai, har a 2016 aka kafa sabuwar hukuma mai lura da masu neman gudummawa, a 2018 kuma dokar Tarayyar Turai ta kare bayanan mutane ta fara aiki. Ku lura, waɗannan wasiƙun takarda ne, waɗanda kowacce sai an biya kuɗinta. Ina ga imel, wanda ba ya cin ko sisi?

A ganina, adireshin da mutum ya ba ƙungiya amana ce, ba ganima ba. Kada a rubuta wa wanda bai yarda ba, kuma wanda ya ce a daina, a daina nan take. Bayan wannan, kada kowace wasiƙa ta zama ta roƙo. Wanda ya ba da kuɗin rijiya yana da hakkin ya ji an haƙa ta, da wurin da take, da abin da aka kashe. Ita kanta Red Cross ta sha tambaya a kan haka. A 2015 kafar ProPublica da gidan rediyon NPR suka ba da rahoto cewa ta tara kusan dala rabin biliyan domin Haiti, amma gidaje na dindindin guda shida kacal ta gina. Ƙungiyar ta mai da martani cewa ta samar wa mutane fiye da 130,000 matsuguni ta wasu hanyoyi, duk da haka sai da maganar ta kai gaban Majalisar Dattawan Amurka, inda Sanata Chuck Grassley ya nemi a kawo masa lissafin kuɗin dalla-dalla.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.